Wane Sha'aban? Magana ga masu raina aikin ofis

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, ranar Talatar da ta wuce bayan sallar Isha'i wani dattijo daga ɓangaren Rogo ya tare ni a ƙofar masallaci, ɗansa na bayansa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, ka yi wa yaron nan magana, ni na gaji." Ashe yaron shekara 2 yana neman karatun lauya bai samu ba. Bana kuma ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wato Kano Poly, a kwas ɗin fasahar ofis da gudanarwa da ake kira OTM, wanda iyayenmu suka sani da karatun sakatare. Shi kuma ya ce ba za shi ba. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, in gama in zama mai buga takarda? Abokaina dariya za su yi min. Ai aikin mata ne."

Na ba shi amsa a tsaye, gwargwadon abin da lokaci ya bari. Amma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Zan fara da kaina, kar a ce Malam yana faɗar abin da bai taɓa ba. Lokacin da na dawo daga Masar da digirina na Shari'a ina ji da kaina, kun san halin ƙuruciya. Aka naɗa ni sakataren kwamitin gyaran wata makarantar Islamiyya, na karɓa ina ganin ai wannan ba komai ba ne ga wanda ya karanta Usulu da rabon gado. Jama'a suka riƙa kawo gudummawa, wani Naira 2,000, wani buhun siminti, wani bandir ɗin kwano. Ni kuma ina rubutawa a bayan ambulan, ko a gefen littafi, wani lokacin ma in ce ai zan tuna. Bayan wata 6 aka kira taro in ba da bahasi, lissafi ya ƙi fita. Sama da Naira 40,000 ta yi ɓatan dabo. Wallahi ban ci ko kwabo ba, amma ba ni da takarda ɗaya da zan ɗaga in nuna. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya ce min a gaban kowa, "Malam, ba mu ce ka ci ba. Amma da me za ka nuna mana ba ka ci ba?" Na biya kuɗin da kaɗan-kaɗan daga aljihuna. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne mutum 2 daga cikin masu taimako sun janye hannunsu, kuma har yau ban ga laifinsu ba.

Bayan nan ne na je wani shagon kwamfuta a nan cikin garin Karaye na yi rajista, wata 3 ina zuwa tsakanin Azahar da La'asar. Yaron da ya koya min, na girme shi da kusan shekara 10. Kullum sai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ba da yatsa ɗaya ake bugawa ba." A wajensa na koyi yadda ake jera shiga da fita a Excel, da yadda ake yanka rasit mai lamba, da cewa duk takardar da ba ta da kwanan wata da sa hannu, tatsuniya ce. Allah Ya saka masa da alheri.

Wannan maganar ta kwanan wata kuwa ba sabuwa ba ce. Malaman tarihi sun kawo cewa an taɓa kai wa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wata takardar bashi wadda wa'adinta watan Sha'aban ne, sai ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara, ko na bana, ko na baɗi? An kuma ruwaito cewa Abu Musa Al-Ash'ari ya koka masa cewa wasiƙu suna zuwa musu babu shekara a jiki. Daga nan ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da Hijira a matsayin farkon ƙirge, a shekara ta 16 ko ta 17. To ka gani, wannan ƙirgen shekarun da muke rubutawa a saman kalandar masallatanmu, matsalar ofis ce ta haifar da shi. Umar ɗin ne kuma ya kafa diwani, wato kundin sunayen mutane da rabon kowa daga baitulmali. Wasu ne suka zauna suka rubuta waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma da sun yi kuskure, haƙƙin wani ne ya salwanta.

Ku je ku buɗe Suratul Baƙara aya ta 282. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma ba a kan sallah ko jihadi ta sauka ba, a kan rubuta bashi ne. Ku karanta ta a nutse tare da tafsirinta, za ku ga an yi wa marubucin kansa magana: an nemi adalci daga gare shi, an hana shi ƙin rubutawa idan aka buƙace shi, an faɗi wanda zai yi masa shifta, an ce kar a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba, sannan an hana a cutar da shi. Ni dai ban san wata sana'a da aka shimfiɗa mata ƙa'idoji haka a aya guda ba.

Sai kuma Zaidu ɗan Sabit. Yana ɗan shekara 11 Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya iso Madina. Da ya ga kaifin basirarsa sai ya umarce shi da ya koyi rubutun Yahudawa, don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma rubuta musu amsa, saboda bai amince ya bar wasiƙunsa a hannunsu ba. Cikin kusan rabin wata ya iya. In da a yau ne, cewa za a yi an tura shi kwas. Wannan yaro mai rubuta wasiƙa shi ne Sayyidina Abubakar ya ɗora wa tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, shi ne kuma Sayyidina Usman ya sa cikin waɗanda suka kwafi mus'hafan da aka aika garuruwa. Na tambayi yaron nan na Rogo, wa ya isa ya yi wa Zaidu dariya? Bai ce komai ba.

Akwai wani abu da ya burge ni tun ina ɗalibi. Al-Ƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ma'aikaci ne a ofishin wasiƙun sarakunan Masar, ya wallafa Subhul A'asha, mujalladi 14 a bugun da muke da shi, kacokan don koya wa ma'aikacin ofis aikinsa: yadda ake buɗe wasiƙa, da laƙabin da ya dace da kowane sarki, har girman takardar da za a yi amfani da ita. A ciki ya kwafi wasiƙar da Sarkin Borno Usman ɗan Idris ya aika wa Sarki Barƙuƙ wajen 1391, yana kai ƙarar wasu Larabawa da ke kama mutanensa Musulmi suna sayarwa. Shekara sama da 600 ke nan, kuma mun san da wannan wasiƙa ne saboda wani akawu ya adana ta. A nan gida ma, ba a banza ake da Magatakarda da Ma'aji a fadar Kano ba. Da Turawa suka zo, makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 ta koyar da malamai boko da lissafi, suka riƙe ofisoshin En'e.

To yanzu mu dawo kan karatun kansa, don kar maganar ta tsaya a tarihi. Wanda ya shiga OTM zai yi shekara 2 ya samu ƙaramar difloma, ya yi shekara 1 yana gwada aiki, in ya so ya koma shekara 2 ya yi babbar difloma. Hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tsara manhajar. Za a koya masa bugu da yatsu 10 ba tare da kallon madannai ba, da Word da Excel, da rubuta wasiƙar hukuma, da rubuta abin da aka tattauna a taro, da jera fayil yadda ko ba ka nan wani zai nemo takarda cikin minti 2, da yadda ake tarbar baƙo. Wanda ba shi da halin zuwa Kano, shagunan kwamfuta na nan kusa ma mafari ne, amma a duba kafin a biya. Shagon da mutum 4 ke zagaye da kwamfuta ɗaya, babu sola babu janareto, satifiket kawai zai ba ka. Na ga mai difloma da aka ce ya tsara jadawalin albashin malamai 12, ya yi ta zufa. Hannu ake nema, kuma hannu ba ya samuwa sai da zama kullum. Turanci ma dole a gyara shi, wannan babu kwana-kwana.

Ga 'yan uwana ɗaliban Larabci, ku kuna da wata dama da kuke wasa da ita. Mutum nawa ne a Karaye da Rogo za su buga maka takardar jarabawa da Larabci, da wasullanta, babu kuskure? Mutum nawa ne ke buga Hausa da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata? Makarantun Islamiyya da kotunan Shari'a da malamai masu wallafa duk suna neman irin wannan hannu.

Ba zan yaudare ku ba, aikin gwamnati ya yi ƙaranci, kar wani ya shiga da tunanin kujera na jiransa a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ta Audu Baƙo. Amma makarantun kuɗi, da asibitoci, da ƙungiyoyin manoman rani na bakin dam ɗin Challawa, da 'yan kasuwar Dawanau da Kantin Kwari, kowanne yana buƙatar wanda zai riƙe masa rubutu da amana. Sau nawa aka kira ni rabon gadon ɗan kasuwa aka tarar bashin da yake bi da wanda ake binsa duk a kansa suke, ya tafi da su kabari?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuskuren mai bugu ke zama musiba ga talaka. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara 5. A wata takardarsa an buga Muhammad, a wata Mohammed, shekarar haihuwa ma ta bambanta da lamba ɗaya. Kusan shekara guda tana zirga-zirga tsakanin nan da Kano kafin haƙƙinsa ya fito, har tunkiyarta ta sayar saboda kuɗin mota. Wanda ya yi bugun wataƙila ma ya manta, hira yake yi a lokacin. Tun 2021 da aka wajabta lambar NIN kafin rajistar JAMB, ku tambayi iyaye irin wahalar da harafi ɗaya ke jawowa.

Wannan kuskure ne. Akwai kuma wanda ake yi da gangan, kuma wanda zai shiga aikin ya san za a jarraba shi. Za a zo a ce ka rage min shekaru, ka mayar da kwanan wata baya, ai ba wanda zai sani. Shaidar zur ce, ko da madannai aka yi ta. Za ka ga abokan aiki suna danne fayil sai an kawo na goro. Ƙissar Ibnul Lutbiyya tana cikin Bukhari da Muslim: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ai babu mai kawo masa. Sannan ga sirri. Takardar asibitin wani, albashin wani, takardar sakin wata, duk za su bi ta hannunka. Ba na majalisar mai shayi ba ne, ba kuma na matarka ba ne.

Maganar "aikin mata ne" kuwa, a taƙaice: ba na mata kaɗai ba ne, kuma ba aibi ba ne mata su yi shi. Mace da ta kiyaye suturarta, da yardar waliyyinta ko mijinta, babu keɓewa da namiji, ban san abin da ya haramta mata ba. Hasali ma ɗakin ajiye katin awon ciki da ofishin makarantar 'yan mata sun fi dacewa da ita.

Jiya dattijon ya kira ni a waya, ya ce yaron ya yarda zai je ya yi rajista, amma da sharaɗin in ya gama zai sake neman lauyan. Na ce a bar shi, lauyan da ya iya ajiye fayil ai bai yi asara ba. Na kuma ce ya riƙa zuwa ranar Asabar kafin a fara karatu, akwai rasitan gudummawar masallaci na wata 4 da ba a shigar ba, mu zauna tare.

Wallahu a'alam.