Wa Ke da Iko da Akushin Talaka?

Tun 2022 gwamnatin Nijeriya ke karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba, wai don a rage shan sukari. Anya farashi ne ya raba mu da fura? Manomin Kunduru kan sayar da gero a kasuwar Kankiya, ya sayo wa yara Indomie da lemo, don haka ake ci a birnin Katsina. Ya tarbi baƙo da kunun tsamiya kuwa, sai ya shiga ba da haƙuri. Wannan kunya ba ta aunuwa da lita. Duk da haka ina ganin hukuma na da ta cewa: uban da guminsa ya saya, amma jikin yaron ne zai biya, kuma ba a shawarce shi ba.