Da Wane Mudu Za A Auna?

Idan hatsi ya kasa, masu jira kuwa da yawa, wa za a fara ba? Tambayar nan ba ta maigida kaɗai ba ce, har gwamnatoci tana damunsu. Bari mu duba abin da ya faru a Ingila.

A shekara ta 2019 gwamnatin ƙasar ta ware fam miliyan 3,600 domin rayar da garuruwan da suka koma baya, watau inda masana'antu suka mutu, kantuna suka rufe. Ma'aikata suka auna garuruwa 541 bisa ga talauci da ƙarancin gwaninta da makamantansu, suka kasa su kashi uku. Ministoci suka zaɓi 101, kowanne yana iya samun har fam miliyan 25. Sun ɗauki dukan 40 na kashin farko, wannan kam daidai ne. Amma sun ɗauki 12 daga kashi na uku, suka tsallake garuruwa da yawa na kashi na biyu. Cikin zaɓaɓɓun har da Newark, mazaɓar Robert Jenrick, ministan da aikin ke hannunsa a lokacin. Shi ya ce wani minista dabam ne ya zaɓa. A 2020 wani kwamitin majalisa ya bincika, ya ce hujjojin da aka kawo ba su gamsar da shi ba.

Wani zai ce, to, a kafa ƙa'ida mai tsanani, kada kowa ya sa hannu. Ni ma dā haka nake tsammani. Amma ƙa'ida mudu ce, mudu kuwa mutum ne yake sassaƙa shi. A 2021 aka buɗe wani asusu, aka sāke kasa gundumomi uku. Richmondshire, ƙasar karkara mai rufin asiri inda Rishi Sunak ke wakilta, a lokacin shi ne ministan kuɗi, ta faɗa kashin farko. Barnsley, tsohon garin haƙar kwal, wanda ya fi ta talauci nesa ba kusa ba, ya faɗa na biyu. Ba a karya ƙa'ida ba ko kaɗan. Abin da aka yi shi ne, an sa nisan tafiya zuwa wurin aiki cikin awon, an bar ma'aunin talauci da gwamnati ta saba aiki da shi.

Ban ce nisan hanya ba wahala ba ne. Wanda ya taɓa zama a ƙauye ya sani. Kowane mudu yana da hujjarsa. Abin da ya dame ni shi ne, jerin sunayen ya riga fitowa, bayanin awon ya biyo baya da kwanaki. Mai awo in ya ga buhun kowa kafin ya zaɓi mudu, ko zuciyarsa fara ce, wa zai yarda? Gara mini mudu mai ɗan karkata wanda aka nuna wa jama'a tun da fari, gama ana iya yin gardama a kansa kafin a san wanda zai ci.

Akwai kuma saura. A lokacin, shiga kashin farko bai isa ba, sai gunduma ta rubuta takardar roƙo ta yi gasa da 'yan'uwanta. Takardar tana bukatar gwanayen lissafi da masu zanen gini, su kuwa sai an biya su. Gundumomi da yawa sun kashe kuɗi a kan takardun nan, suka tashi hannu wofi.