GYARAN GIDA A BENEN HAƊAKA: DAƁENKI RUFIN WATA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, ya ku ’yan uwana mata, tun da Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da gidajenta na Abuja a shekarar 2005, iyalai da yawa suka mallaki sashe guda a cikin bene ɗaya, wani a sama, wani a ƙasa. Sau da yawa kuma mu ne muke matsa wa maigida: a faɗaɗa kicin, a fasa bango, a ƙara banɗaki. To, kafin birkila ya ɗaga guduma, mu san hukuncin Allah.

A Suratun Nisa’i, aya ta 36, Allah Ya yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa. Imamu Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa. A kan wannan ne Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa idan ginin ƙasa ya lalace, mai shi ne zai gyara shi, kuma a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, domin ɗakin na sama a kansa yake. Ya kuma hana buɗe tagar da za a riƙa leƙen maƙwabci, ko haƙa abin da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarka ne.

Saboda haka, ’yar uwa, fenti da tayil na cikin ɗakinki naki ne. Amma ginshiƙi, da bangon da yake ɗauke da bene, da matakala, da rufi, da tankin ruwa, da sokawe, na kowa ne. Ba a taɓa su sai da yardar sauran masu gidan da shawarar injiniya. Ginshiƙi ɗaya da aka cire don falo ya yi faɗi yana iya kayar da gini a kan yaran mutane, alhakin kuwa yana wuyanki.

Idan za ki sauya bututun banɗaki, ki tabbata ba zai yi yoyo ba, don daɓenki rufin wata ne. In ya ɓata mata sili, biya ya zama wajibi, ba alfarma ba ce. Ki sanar da maƙwabta tun kafin a fara, a daina buge-buge da dare, a kwashe ɓaraguzai daga matakala.

Ke kuma da aka nemi izininki, kada ki hana don ƙyashi. A hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa.

Allah Ya sa maƙwabtanmu su yi mana kyakkyawar shaida ranar gobe ƙiyama, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.