Ɗan dakon da guguwa ke kai wa gaba

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani ɗan dako da ake kira kinesin. Ronald Vale da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1985, a jijiyar wata dabbar teku. Ƙafa biyu gare shi, yana tafiya bisa siraran zaruruwa da kaya a kai. Kowane taki nanomita 8 ne, kuma kowane taki yana cin ƙwayar ATP guda, wato man da jiki ke samu daga abinci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake takawa. Saboda ƙanƙantarsa, ƙwayoyin ruwa suna bugunsa ta ko'ina ba hutawa. In ya ɗaga ƙafa, bugun nan ne ke wurgi da ita. Aikin ATP shi ne ya karkata ta gaba, in ta sauka daidai ta kama, komawa baya ya yi wuya.

Mukan ce sai hankali ya kwanta za mu gyara halinmu, sai talauci ko rigimar gida sun lafa. To, yaushe? Kinesin bai taɓa ganin ruwa a kwance ba, amma kayansa suna isa.

Wataƙila ƙarfin hali ke nan: ba mu da iko da abin da ke bugunmu, amma muna iya riƙe takin da ya faɗa gaba, mu ƙi sakinsa. Bambancinmu da shi guda ne: shi ba a tambayarsa inda ya dosa, mu kuwa za a tambaye mu.