Ikon Warware Yarjejeniyar Aiki a Fikihu

Malaman fikihu sun ɗauki ijara, wato ɗaukar mutum aiki ko karɓar hayar kaya a kan lada sananne, a matsayin ƙulli mai hawa kan ɓangarorin biyu, don haka maigida ba shi da ikon sallamar ma'aikaci kafin wa'adi ya cika don kawai ransa ya sauya. Saɓanin da Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid ya shafi abin da ke warware wannan ƙulli. Hanafawa sun yarda uzuri ya warware shi, kamar ɗan kasuwar da ya kama hayar shago sannan hajarsa ta ƙone, sassaucin da mai neman zillewa zai iya fakewa da shi, kuma suna ganin mutuwar ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu tana kashe yarjejeniyar, alhali Malikawa da Shafi'awa sun ce hayar tana wucewa ga magada. Sai dai su ma sun amince cewa idan aka ɗauki mutum ya cire haƙori, ciwon kuma ya lafa kafin ya fara aikin, ijarar ta faɗi, domin amfanin da aka ƙulla ta dominsa ya gushe.