Darasi na 9: Murjani da Amanar Allah

Abin karantawa: Farawa 2:8-15, Ayuba 28:12-19, Zabura 104:24-28.
Ayar haddacewa: Zabura 24:1.

1. Aikin hannun Allah

Mu a Tudun Wada muna nesa da teku, amma mun san murjani a wuyan amarya. Ayuba ma ya san shi, ya lasafta shi cikin abubuwa masu tamani, ko da ya ke hikima ta fi shi. Murjani ba dutse ba ne tun asali. Waɗansu 'yan halittu ne na teku, da yawansu ba su kai ƙwayar wake ba, su kan gina wa kansu gida mai tauri, 'ya'ya a bisa gidan iyaye. Jan murjani na ado daga Bahar Rum ya kan fito. 'Yan'uwansa kuwa na Bahar Maliya da gaɓar Ostareliya su kan gina tuddai a ƙarƙashin ruwa. Wani irinsu santimita 1 kaɗai ya kan ƙaru a shekara, duk da haka tuddan Ostareliya sun kai kilomita 2,300. Sannu sannu kwana nesa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a tuddan murjani su ke samun mafaka.

2. Ɓarnar mutum

Allah ya sa wata 'yar gansakuka cikin jikin murjani, ita ke ciyad da shi, ita ke ba shi launi. Sa'ad da ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai murjani ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Hayaƙin kwal da man fetur ne ke ɗumama duniya. A 2016 zafi ya kashe kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin Ostareliya da ke kusa da bisan ruwa. Laka da shara kuma su kan shaƙe shi, masunta masu haɗama su kan farfashe shi da nakiya. Ginin shekara dubbai, rana ɗaya ta isa a rushe shi.

3. Namu rabon

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku dubi kwazazzaban da ke cin gidaje a Gombe. An sare itatuwa, ruwan sama ya kwashe ƙasa da shara zuwa Gongola, daga can zuwa Binuwai, har teku. Mai zuba guba a kogi domin kifin yini ɗaya, da mai fasa murjani, zunubinsu ɗaya ne, gama dukansu sun cinye abincin jikokinsu. Ubangiji ya sa Adamu a gona domin aiki biyu, nomanta da kiyaye ta. Mun riƙe na fari, mun saki na biyu. Mai amana kuwa, lalle za a tambaye shi.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin mai gona da wakilin gona?
2. Ina sharar gidanka ta ke tafiya da damina?
3. Itatuwa nawa ikilisiyarmu za ta dasa bana, wa zai yi musu ban ruwa da rani?

Addu'a
Ya Ubangiji, Mahaliccin teku da tudu, ka gafarta mana ɓarnarmu. Ka koya mana mu kiyaye abin da ka danƙa a hannunmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.