Haƙƙin Wanda Bai Zo Karɓa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi titunan Nassarawa G.R.A. ta Kano a yau, kamar titin Ahmadu Bello da na Sultan da na Lamido, zai ga unguwar nan da Turawa suka keɓe domin gidajen manyan ma'aikata ta cika da ofisoshin kamfanoni da asibitocin kuɗi da makarantu da otal-otal. A kowanne daga cikinsu akwai ofishin akanta, can kuma ake ajiye littafin bashin da ake bin wurin: kuɗin ɗan Kantin Kwari da ya kawo yadin rigunan ma'aikata, da na ɗan Dawanau da ya sauke buhunan hatsi, da na mai gyaran janareta, da ragowar albashin maigadin da ya bar aiki ya koma ƙauyensu bai sake leƙowa ba. Waɗansu kuɗin ana biyansu a kan kari. Waɗansu sai an yi ta sintiri. Waɗansu kuwa suna nan kwance shekara da shekaru babu wanda ya zo nemansu, har a wayi gari wani ya ja musu layi ya mayar da su cikin ribar kamfani.

Musulunci bai bar wannan littafi ga akanta da maigidansa su kaɗai ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni da a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu, marubuci kuma ya rubuta da adalci. Abin lura a nan shi ne wanda ake bi bashin shi aka ɗora wa shibtar abin da za a rubuta, aka kuma gargaɗe shi da tsoron Allah kada ya rage kome. To, akantan kamfani shi ne marubucin, shi ne kuma bakin wanda ake bi. Nauyi biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya.

Game da jinkirin biya, maganar gajera ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (S.A.W.) ya kira taurin bashin mawadaci zalunci. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba laifi ba ne a bi kamfani kuɗi. Laifin shi ne kuɗi na nan a banki, ajali ya cika, amma a ce wa mai kaya manaja ya yi tafiya, ko fayil ya ɓata, ko ya dawo bayan Salla. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda aka riƙe wa Naira miliyan ɗaya tsawon wannan shekara, ko da an biya shi cif, ba zai iya sayo kayan da ya kawo da ita ba. Wanda kuwa ya danne takardar biya har sai an miƙa masa goro, wannan ya haɗa zalunci da cin hanci, ba ya bukatar dogon bayani.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kuɗin da mai shi bai zo ba. Nan ne mutum mai salla da azumi yake cin haram hankalinsa kwance, yana cewa ai ba a hana kowa ba, shi ne bai nema ba. Labarin Zubairu ɗan Awwamu, Allah ya yarda da shi, wanda ya zo a cikin Sahihul Buhari, ya isa amsa. Mutane sukan kawo masa ajiyar kuɗi, sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce sai dai a matsayin bashi, domin yana tsoron su salwanta. Hikimarsa ita ce ajiya in ta halaka ba da sakaci ba, babu ramuwa a kan wanda aka ba, amma bashi yana nan a wuya ko mene ne ya faru. Watau da gangan ya zaɓi abin da ya fi yi masa nauyi, ya fi tsare haƙƙin mutane. Da aka kashe shi a shekara ta 36 bayan Hijira, ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin ya tarar miliyan 2 da dubu 200 ne, alhali kuwa mamacin bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, wanda uban ya saya a kan dubu 170, a kan miliyan 1 da dubu 600, ya yi ta biya har ya gama da duk wanda ya sani. Magada suka ce to a raba musu gado. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shela a taron aikin Hajji shekara huɗu a jere, cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo a biya shi. Haka kuwa aka yi. Magada suka jira shekara huɗu saboda mutanen da ba a ma tabbata akwai su ba.

Shi wannan al'amari yanzu ya kai ga gwamnati. Tun lokacin dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da kuma lokacin ƙara jarin bankuna a 2004 da 2005, jama'a da yawa sun sayi hannun jari. Waɗansu sun rasu magada ba su san da takardun ba, waɗansu sun sauya gida, waɗansu ma da sunaye iri-iri suka saya. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasa ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin Naira biliyan 190. Dokar kuɗi ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen Disamba na wannan shekara, ta tanadi cewa irin wannan riba in ta shekara shida ba a nema ba, a mayar da ita wani asusun amana, ta zama bashi a kan Gwamnatin Tarayya wanda mai shi zai iya nema a kowane lokaci. A watan Yuli na 2024 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'ida cewa kuɗin asusun da ya shekara goma a kwance a tura su wurinsa, in mai su ko magajinsa ya zo da shaida a mayar masa. An yi ta muhawara a kan ko gwamnati mai yawan cin bashi ta dace da wannan riƙo, kuma masu shakka suna da hujjarsu. Amma tushen da aka ɗora dokar a kai, cewa haƙƙi ba ya mutuwa don mai shi ya yi shiru, ya yi daidai da Shari'a. Sai dai Musulmin da aka mayar wa kuɗinsa tare da ƙarin ruwa, uwar kuɗin ita ce tasa, ƙarin kuwa ya fitar da shi zuwa ga mabukata ko aikin amfanin jama'a.

To amma waɗannan dokoki bankuna da manyan kamfanoni suka shafa. Makarantar da ke riƙe da kuɗin ajiyar ɗalibin da ya tafi, da asibitin da majiyyaci ya biya fiye da kima aka sallame shi ba a mayar masa da canji ba, da ɗan kwangilar da leburansa ya gudu bai karɓi ladan mako biyu ba, babu sufeton da zai zo ya tambaye su. Cek yakan mutu bayan wata shida. Kotu ma tana iya ƙin sauraron ƙarar bashin da ya daɗe, galibi bayan shekara shida. Duk wannan hukuncin takarda ne. Annabi (S.A.W.) ya taɓa ƙin yi wa wani mamaci salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, kuma Muslimu ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi.

Abin da ya kamaci akanta Musulmi ba boyayye ba ne, kuma masana aikin nasa ma haka suke koyarwa. Tun ranar da aka karɓi kaya ko aka ɗauki ma'aikaci ya rubuta cikakken suna da lambar waya da unguwa da sunan wani na kusa da shi, domin yawancin kuɗin da suka maƙale daga rubutun ganganci suka faro, irin su "Malam mai yashi" ba tare da wani bayani ba. Kada ya biya sai takardar oda da ta karɓar kaya da ta neman biya sun yi daidai, kuma kada mai yin oda ya zama shi ne mai sa hannun biya. Kowane ƙarshen wata ya fitar da jerin waɗanda ba su karɓa ba ya kai gaban maigida, a keɓe kuɗinsu wuri guda. Sa'an nan a yi cigiya ta gaskiya: a buga waya, a aika masinja, a tambayi shugabannin kasuwa da mai unguwa, a ba da sanarwa a rediyo da ƙofar masallaci. A hukuncin tsintuwa, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukan Kano, shekara guda ake yi ana cigiya a inda ake sa ran samun mai abu. In an wajabta haka a kan abin da ba a san mai shi ba, ina ga wanda sunansa ke rubuce a cikin littafi?

Akwai tambayar da masu kamfani kan yi: in an juya kuɗin a kasuwanci kafin mai su ya zo, ribar ta wace ce? Malaman Malikiyya sun ce yin fatauci da kuɗin ajiya makaruhi ne, ribar kuma ta wanda ya juya ce in tsabar kuɗi ne, tun da yake shi ke da lamunin asara. Wannan shi ne hukunci. Amma a hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo, ɗayansu ya yi tawassuli ne da ladan wani ɗan ƙodago da ya tafi bai karɓa ba. Ya yi ta juya ladan har ya zama garken dabbobi, da mai shi ya dawo bayan zamani ya miƙa masa duka, har mutumin ya zaci ba'a ake yi masa. Da wannan aiki dutsen ya ƙarasa buɗewa. Kamfanin da bai iya kai wa nan ba, aƙalla ya mayar da uwar kuɗi ba tare da ya cire ladan ajiya ba.

In an yi iyakar bincike ba a sami mutumin ba, aka kuma rasa magadansa, har aka fid da rai, malamai sun ce a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi. Ba a sa su cikin zakkar kamfani, ba a kuma buga sunan maigida a kai kamar kyautarsa ce. A rubuta ranar da adadin da inda aka kai, a bar shafin a buɗe. In mai haƙƙi ko ɗansa ya ɓullo daga baya, ko da bayan shekara ashirin ne, sai a gaya masa abin da aka yi a ba shi zaɓi: ya amince da sadakar, ko a biya shi kuɗinsa ladan ya koma ga wanda ya bayar. Wallahu a'alamu.